Kwantar da ɗan'uwa mai shaye-shaye a Legas: daga ranar da kuka gane har bayan sallama

Ƙanena ya shekara huɗu yana shan tiramol kafin mu yarda a gida cewa ciwo ne ke damunsa. Ya fara ne lokacin da yake acaɓa, ƙwaya ɗaya da sassafe don kada jiki ya mutu kafin azahar. Da gwamnatin Legas ta hana acaɓa a Ikeja da wasu ƙananan hukumomi a 2022 sai ya koma dako a Mile 12, a can ƙwaya ɗaya ta zama huɗu, aka haɗa da wiwi da dare don barci ya zo. Mun yi faɗa, mun yi nasiha, mun yi rubutu da tofi, mun tura shi gida Arewa. Sai da ya faɗi a bakin titi jikinsa na karkarwa kamar mai farfaɗiya sannan muka nemi likita. Abin da zan faɗa a nan shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya gaya mini tun farko.

Ba gidanku kaɗai ba ne. Binciken da gwamnatin tarayya ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da ƙwaya a shekarar da ta gabace shi, ban da giya da taba, kuma shiyyar Kudu maso Yamma, inda muke zaune, ita ce ta fi kowace yawa. Na kawo wannan ne don kunya ta ragu, domin kunya ce ta ci mana shekaru.

Ku fara da sanin me yake sha

Kafin ku yi maganar asibiti, ku zauna ku rubuta abin da kuka sani: me yake sha, sau nawa a rana, tun yaushe, yaushe ya sha na ƙarshe. Ku duba aljihu da ƙarƙashin katifa, ku ajiye fankon ƙwayar ko kwalbar. Ku tambayi abokin da ya fi kusa da shi, cikin ruwan sanyi, ba da barazana ba. "Yana shaye-shaye" ba amsa ba ce wurin likita. Tiramol daban, kodin daban, roci da dayazafam daban, wiwi da kolorado (ganyen da ake fesa wa sinadari a busa kamar wiwi) daban, sholisho daban, allurar fenta (allurar kashe zafin ciwo) daban, giya da ogogoro daban, kuma yawanci mutum yana haɗa biyu ko uku.

Dalilin wannan binciken shi ne daina sha farat ɗaya ba iri ɗaya ba ne ga kowane abu. Mai tiramol ko kodin idan ya daina zai yi ciwon jiki, zufa, gudawa, amai, hamma ba iyaka da rashin barci na kwanaki. Wahala ce mai tsanani. Amma wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ko ƙwayoyin barci irin su roci da dayazafam, shi daina sha ba tare da likita ba yana iya kashe shi. Mashayin giya yakan fara rawar hannu cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, farfaɗiya na iya biyo baya a kwana biyun farko, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma wasu kan ruɗe gaba ɗaya, su riƙa ganin abin da babu, zazzaɓi ya rufe su. Saboda haka kada ku kulle shi a ɗaki ku ce "bari ta fita daga jikinsa". Na san gidajen da aka yi haka da kyakkyawar niyya, niyyar ba ta hana mutum suma a bayan ƙofa ba.

Maganar giya tana da nauyi a bakinmu fiye da maganar ƙwaya, kuma iyali sukan ɓoye wa likita ita. Kada ku ɓoye. Maganin da za a ba shi a kwanakin farko ya dogara da wannan gaskiyar.

Ba kowa ne ke buƙatar kwanciya mai tsawo ba

Wanda bai daɗe da farawa ba, yana riƙe da aikinsa, gidansu kuma babu mai sha, zai iya zuwa asibiti yana komawa gida. Kwanciya ta watanni ta wanda ya gwada dainawa sau da yawa ya kasa ce, ko wanda ya taɓa suma ko farfaɗiya, ko wanda ya fara surutai da zargin mutane na binsa, ko wanda yake kwana a wurin da dila ke maƙwabtaka da shi. Likitan ƙwaƙwalwa ne zai yanke wannan bayan ya gan shi.

Yadda za ku tunkare shi

Ku zaɓi lokacin da yake cikin hayyacinsa, galibi da safe. Kada a tara dangi kamar za a yanke hukunci. Mutum biyu da yake jin nauyinsu sun isa. Abin da ya yi aiki a gidanmu shi ne maganar yayarmu. Ba ta ce masa ya zubar mana da mutunci ba. Cewa ta yi: "Ƙanina, ranar da ka faɗi ni aka kira. Na zo ina tunanin gawa zan tarar. Mu je likita ya duba ka, ni zan raka ka." Ya yi shiru, bayan kwana biyu ya ce to.

Ku nemi abu ƙarami tukuna, wato zuwa ganin likita sau ɗaya. Kada ku yaudare shi da cewa za a je gaisuwa sai ya ga an rufe ƙofa, domin bayan sallama ku ne za ku riƙe shi, kuma wanda aka yaudara ba ya sake faɗa muku gaskiya. Idan hankalinsa ya gushe har yana barazana ga ransa ko na wani, wannan hali ne na gaggawa, a kai shi asibiti ko bai so ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a farkon 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta tanadi sharuɗɗan kwantar da mutum ba da amincewarsa ba, kuma likitoci ne ke tantance hakan.

Ina za a kai shi?

Wuri na farko da zan ce ku nufa shi ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Yaba. Yana nan tun 1907, kuma yana da sashe na musamman na masu shaye-shaye. Na san sunan da 'yan gari ke kiransa da shi na tsokana, na kuma san shi ya sa mutanenmu ke gudunsa, suna cewa "ɗanmu ba mahaukaci ba ne". Ba sai mutum ya haukace ake zuwa can ba. Likitocin da suka karanci shaye-shaye likitocin ƙwaƙwalwa ne, shi ke nan. Daga Agege jirgin ƙasa na Red Line yana tsayawa a Yaba. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, a tsakiyar mutanenmu, yana da sashen ƙwaƙwalwa, haka ma asibitin koyarwa na jiha da ke Ikeja; a nan ma za a iya duba shi a faɗa muku inda ya dace. A Abeokuta akwai asibitin Aro, wanda ya buɗe sashen kula da masu shaye-shaye tun 1983, kuma daga Agege ta Sango Ota ba wata tafiya mai nisa ba ce.

Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, ba kamu kaɗai take yi ba, tana da masu ba da shawara da wuraren gyaran hali, da layin waya na kyauta, 0800 1020 3040, inda za ku yi tambaya kafin ku taka ko'ina.

Sai cibiyoyi masu zaman kansu, waɗanda suka yi yawa a Legas, daga masu tsada sosai zuwa na ƙungiyoyin addini. A cikinsu akwai na kirki akwai na banza, kuma kyawun gini ba ya bambanta su.

Yanzu maganar da ta fi ci mini rai, gidan mari. Can muka fara kai ƙanena a Arewa, bisa shawarar dattawa masu ƙaunarsa. Wata biyar ya yi. Ya dawo da tabon sarƙa a idon sawu, ya rame, ba ya haɗa ido da kowa, kuma mako uku da dawowarsa Legas ya koma shan abin da ya fi na da. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin waɗannan gidaje a Rigasa ta Kaduna, da Daura, da Ibadan, wasu da mari a ƙafa, wasu da raunukan duka. Ban raina addu'a ba, da ita muka rayu a watannin nan, kuma har gobe muna yi. Amma sarƙa tana hana ƙafa tafiya ne kawai, ba ta koya wa mutum abin da zai yi ranar da aka kwance shi ya ga dila a bakin layi. Ku yi addu'a, ku kai shi wurin likita, ba su hana juna ba.

Wasu za su ce a mayar da shi gida a yi magani can. Idan iyayensa da matarsa suna can, kuma can zai zauna bayan sallama, hakan na iya zama daidai, akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, Dawanau ta Kano, Kware ta Sakkwato da Maiduguri. Ma'aunin shi ne ina mutanen da za su riƙa ziyartarsa suke. Tura shi ƙauye don kawai a ɓoye shi daga idon 'yan unguwa ba magani ba ne, kuma ƙwaya ta riga shi isa ƙauyen.

Ku je da ƙafarku kafin ku biya ko sisi

Kada ku yarda da hoto a WhatsApp. Ku je, ku ce a zagaya da ku. Wurin da ya hana ku ganin inda majinyata ke kwana, ku juya. Ku tambaya ko akwai likitan ƙwaƙwalwa, kwana nawa yake zuwa a mako, kuma wa ke kwana da majinyata da dare, ma'aikacin jinya ne ko mai gadi. Ku nemi ganin shaidar rajista da HEFAMAA, hukumar jihar Legas mai sa ido kan asibitoci masu zaman kansu. Ku tambaya idan mutum ya suma cikin dare ina ake kai shi. Ku ce a nuna muku jadawalin yini: idan daga karin kumallo zuwa dare babu komai sai talabijin da ƙwayar barci, wannan ajiya ce kuke biya wa. Ku dubi fuskokin waɗanda ke ciki, ku dubi ƙafafunsu.

Akwai tambayoyi biyu da suka shafe mu musamman. Ta farko harshe. Rabin wannan magani magana ce, zama da mai ba da shawara da zama cikin rukuni. Idan ɗan'uwanku ba ya jin Turanci ko Yarbanci sai ɗan buroka na kasuwa, ku tambaya ko akwai ma'aikacin da ke jin Hausa, ko za a yarda wani cikinku ya riƙa fassara a wasu zaman. Mutum ba zai iya buɗe cikinsa da harshen da yake ciniki kawai da shi ba. Ta biyu ibada da abinci. Wasu cibiyoyin na coci ne, kuma shirinsu ya ginu kan ibadarsu. Ku yi tambaya a fili: zai samu wurin salla, za a tilasta masa shiga wata ibada, me ake dafawa? Gara a sani tun yanzu da a zo ana rigima a wata na biyu.

Duk wanda ya ce muku yana da allura ɗaya ko wankin jini da zai raba shi da shaye-shaye cikin mako guda, kuɗinku yake so.

Idan mace ce, ku ƙara kula. Binciken 2018 ɗin nan ya nuna a cikin kowane mutum huɗu masu ta'ammali da ƙwaya ɗaya mace ce, amma a wuraren magani ba ka ganinsu haka, saboda ana ɓoye su don kada aure ya mutu ko a rasa manemi. Gwamnati ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin a 2018, duk da haka bai ɓace daga ɗakunan mata ba. Ku nemi wurin da ke da sashen mata daban da ma'aikata mata, ku shirya wanda zai riƙe mata yara, idan kuma tana da ciki ku faɗa tun a bakin ƙofa.

Kuɗi

Ku ce a rubuta muku komai a takarda: kuɗin gado, abinci, magani, gwaje-gwaje, da abin da za a mayar idan ya fita kafin lokaci. Asibitin gwamnati ya fi sauƙi, sai dai wani lokaci a jira gado. Ku yi lissafin wata uku aƙalla tun daga farko, ku raba tsakanin dangi, mutum ɗaya amintacce ya riƙe asusun. Ku tuna da iyalinsa da ke gida, su ma za su ci abinci. Idan abin ya fi ƙarfinku, ku nemi ofishin walwalar majinyata na asibitin, ku kuma yi magana da limamin unguwa ko fadar Sarkin Hausawa a asirce. Mun saba haɗa kuɗin kai gawa gida cikin yini ɗaya. Wanda yake da rai ya fi cancanta.

Ranar kwantarwa da makonnin farko

Ku tafi da kaya marasa yawa, silifas, darduma, da duk maganin da yake sha na wani ciwo. Za a bincike jakar, galibi za a karɓe waya. Za a gwada fitsari don ganin abin da ke jikinsa, a duba jini da hanta, sau da yawa har da cutar ƙanjamau da ciwon hanta, musamman ga mai allura. Ku bar lambar mutum ɗaya da zai riƙa magana da likita a madadin kowa.

Mako ɗaya zuwa biyun farko na fitar da abin daga jiki ne a ƙarƙashin kulawa, da magungunan rage wahala. Daga nan zai fara cin abinci, fuska ta ciko, ido ya washe. A nan ne iyalai da yawa ke yin kuskuren da ya fi kowanne tsada. Za ku zo ziyara ku gan shi fes, ya riƙe hannunku ya ce: "Yaya, wallahi na warke, ku fitar da ni, kuɗinku kawai ake ci." Ƙanena ya faɗa mini haka a mako na uku har da hawaye, kuma ba ƙarya yake yi ba, haka yake ji. Amma jiki ne ya warware, ƙwaƙwalwar da ta shekara huɗu tana neman ƙwaya duk lokacin gajiya ko ɓacin rai ba ta sauya cikin kwana ashirin ba. Binciken masana ya daɗe da nuna cewa yawancin masu wannan ciwo suna buƙatar aƙalla wata uku cikin magani kafin a ga amfani mai ɗorewa, kuma wanda ya fi daɗewa ya fi samun nasara. Na ce masa: "Na ji ka. Mu tambayi likita tare, abin da ya ce shi za mu yi." Ya yi fushi da ni mako biyu.

Sai dai ku bambanta ƙorafin gajiya da ƙorafin cutarwa. Idan ya ce ana dukansa, ko kuka ga rauni, ko kullum kuka zo yana layi ba ya iya magana, ku bincika da gaske, ku ɗauke shi idan ya tabbata.

Watannin tsakiya su ne maganin

A nan ake zama da shi a gano abin da ke tura shi sha: gajiyar aiki, bashi, rashin barci, mutuwar da bai gama kukanta ba, abokai. Ana koya masa gane sha'awar idan ta taso da yadda zai jira ta wuce, da yadda zai ce a'a ga wanda suka shekara suna sha tare. Ana mayar da shi kan tsari, tashi da wuri, wanka, shara, motsa jiki, wani wurin har da koyon sana'a. Idan akwai ciwon damuwa ko ruɗewar da wiwi da kolorado ke jawowa, ana ba shi magani, kuma wannan maganin ba a daina shi don an ga sauƙi sai likita ya ce.

Ku kuma naku aikin shi ne zuwa. Duk ranar ziyara wani ya je, ko da rabin awa ne. Idan an kira zaman iyali ku halarta, a nan za ku ji abin da ba ku so ji ba game da gidanku, mu ma mun ji. Kada ku ba shi kuɗi a hannu, kada ku shigar masa da komai a ɓoye ko da maganin ciwon kai ne. Kada ku zo masa da labarin bashin da ya bari.

Sallama

Ku fara shirinta wata guda kafin ranar. Ina zai kwana? Idan ɗakin da ya bari ne, da abokan da ya bari, to a nema masa wani wuri, ko da gidan kawu ne a wata unguwa. Wane aiki zai yi? Mu ba mu bar ƙanena ya koma dako ba, domin aikin ne ke neman ƙwayar. Wani ɗan garinmu ya ɗauke shi a shagonsa na hatsi, inda yake gaban idonsa daga safe zuwa magariba. Zaman banza ma haɗari ne daidai da tsohon aikin. A sauya layin waya. A watannin farko kuɗi mai yawa kada ya zauna a hannunsa, kuma a gaya masa dalili a mutunce. A kwashe kodin, tiramol da ƙwayar barci daga gidan gaba ɗaya, har na tsohuwa. Kada a yi masa aure da sunan magani; yarinyar mutane ba asibiti ba ce, a bari ya shekara a tsaye tukuna.

Ku karɓi ranar komawa ganin likita a rubuce, wani ya raka shi. Ku tambayi cibiyar ko tana da zaman waɗanda aka sallama, ko ta haɗa shi da ƙungiyar masu murmurewa da ke taruwa a gari.

Komawa sha tana faruwa. Masana sun ƙiyasta kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda suka yi magani sukan sake sha a wani lokaci, kusan yadda masu hawan jini ke sakaci da nasu maganin ciwo ya dawo. Ƙanena ya zame sau ɗaya, wata biyar bayan sallama, ranar da aka yi masa rasuwar aboki. Da bakinsa ya faɗa wa yayarmu, washegari muka koma wurin likita, ba a ma sake kwantar da shi ba. Da mun yi masa kora ko gori a ranar, da ba zai sake faɗa ba.

Abu ɗaya da dole kowa a gidan ya sani, shi ma a gaya masa: bayan watanni ba ya sha, jikinsa ba zai ɗauki adadin da ya saba ba. Abin da yake sha da yana tafiya da ƙafarsa yanzu yana iya tsayar masa da numfashi, shi ya sa makonnin farko bayan sallama suka fi haɗari ga masu tiramol da kodin. Idan kuka same shi ba ya farkawa, numfashinsa a hankali ko yana wani irin minshari, leɓensa ya sauya launi, kada ku ɗura masa madara ko manja, kada ku bar shi wai ya yi barci ta sake shi. Ku kwantar da shi ta gefe, ku kira 112 ko 767, ko ku sa shi a mota zuwa asibiti mafi kusa. Ku tafi da fankon abin da ya sha, ku faɗa wa likita sunansa tun kafin ya tambaya, domin akwai allurar nalokson da ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi idan an yi ta da wuri.